Ƙaramar Mesa da Ƙin Cin Abinci: Abin da Muka Gani a Karare



Da muka gaya wa sakataren ƙungiya abin da muke so mu yi magana a kai, sai da ya ajiye alƙalami ya dube mu, sa'an nan ya ce ko ma sake shawara, gama a ganinsa mutumin Batsari ko Safana yana da abin damuwa wanda ya fi yunwar maciji. Ba mu ce ya yi ƙarya ba. Amma da yake a cikin ɗakin nan akwai waɗanda gobe za su zama likitocin dabbobi, da malaman gona, da malaman daji, kuma wata rana wani talaka zai shigo ofishin ɗayanku da buhu a hannu ya ce dabbarsa ta ƙi ci, muka ga ya kamata mu ba ku labarin wata mesa da muka yi jinya a Karare. Abin da za ku gaya wa mai buhun nan a ranar, shi ne zai raya dabbar ko ya kashe ta.

Da fari dai mu san wace mesa ake nufi. In Bahaushe ya ce mesa, abin da ke zuwa zuciyarsa ita ce babbar nan ta bakin fadama da gindin duwatsu, mai haɗiye ɗan akuya, wadda tsawonta kan kai mita 4 ko 5. Tamu ƙanwarta ce. Da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, gajeriya ce kakkaura, baƙa mai zanen ruwan ƙasa da rawaya, kuma in ta tsorata ba ta kai sara, sai ta dunƙule ta cusa kanta tsakiya, har mutum ya iya ɗaukarta a tafin hannu kamar gammo. Saboda wannan ɗabi'a Turawan Amurka suka sa mata suna mai ma'anar mesar ƙwallo, na Ingila kuwa suna ce mata mesar sarauta. Masana ilmin dabbobi suna kiranta Python regius, kuma wani Bature, George Shaw, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1802. Ana samunta tun daga Senegal har zuwa Sudan da Yuganda, amma ta fi yawa a ƙasashen da suka fi namu ruwa da laima. Ba ta da dafi, kamar yadda babbar ma ba ta da shi. Masu kashe mutane a gonakinmu su ne kububuwa da kasa da gamsheƙa, kuma kada wanda ya fita daga nan ya ɗauki wani maciji da hannu don ya ji mun yabi halin wannan.

A cikin watan Disamba na 2017 muka je gida hutu, hunturu ya kankama, sai aka ce wani tsoho yana nemanmu. Gardi ne, ba gardin tsangaya ba, gardin maciji, irin waɗanda muka tashi muna gani a kasuwannin ƙasar Ruma da ganga da akwati, suna wasa suna sayar da magani. Sana'a ce daɗaɗɗiya a ƙasar Hausa, har ma wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi gardawan kura da birai da mesa a 2005 da 2007, hotunansu suka zaga duniya. Tsohon ya ji an ce muna karatun dabbobi, shi ya sa ya aiko. Muka same shi a zaure, muka durƙusa muka gaisa, ya jawo wani akwatin katako ya buɗe.

“Ɗana,” in ji shi, “rabonta da abinci tun ana yankan gero. Na kai mata ɓera ta kau da kai, na kai ɗan tsako ya kwana a bayanta yana barci.”

Muka ce, “Baba, ita kaɗai ce?”

Ya yi shiru kaɗan, ya ce da su biyu ne. Wani fatake ya kawo su daga kudu, ya sayar da akuya ya saya, don ya lura mutanen da ba za su kusanci gamsheƙa ba suna yarda a rataya musu wannan a wuya a ɗauke su hoto da waya, su biya. Da suka daina ci tare, sai ya kama ɗayar ya buɗe mata baki da tsinke, ya yi mata ɗura da ɗanyen ƙwai, kamar yadda akan yi wa doki da ruwan kanwa. Ta amayar, ya sake. Bakinta ya kumbura, ba ta kai mako uku ba ta mutu. Abin da ya sa bai taɓa ta biyun ba, tsoro ne kawai.

Kada ku yi saurin cewa jahilci ne ko rashin tausayi. Tsohon ya kawo mana hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ya ce shi ya tsare dabbar nan, in ta mutu da yunwa a hannunsa me zai gaya wa Ubangiji? Tsoron Allah ne ya kai shi ga ɗura. Kuskurensa ɗaya ne, kuma mu ma da muka yi boko muna yinsa: ya auna cikin maciji da cikin akuya.

Akuya da kaza da ni da ku, jikinmu da kansa yake samar da ɗuminsa, dare da rana, kuma mafi yawan abin da muke ci a nan yake ƙonewa. Maciji aron zafi yake yi daga rana da ƙasa, saboda haka abin da yake kashewa yana kwance bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai ɗumin jini, mai nauyi irin nasa, take kashewa ba. Har wa yau mesa ta ƙara da wata dabara. Stephen Secor da Jared Diamond sun yi nazarin mesar ƙasar Bama a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles cikin shekarun 1990, suka tarar cewa in mesa ta gama narkar da abinci sai ta rufe ma'aikatar ɗungum: tumbi ya daina fitar da ruwansa mai tsami, hanji ya ƙanƙance. Ranar da ta haɗiyi wani abu, cikin kwana ɗaya zuwa biyu hanjin ya kusan ninka nauyinsa, iskar da jikinta ke ci ta ninku sau da yawa, har ta kai wajen sau 40 in abincin babba ne ƙwarai. Kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na amfanin abincin a wajen narkar da shi yake tafiya. Ku dubi mai gidan burodi: ba ya hura tanderu don curi ɗaya, ba ya kuma zuba ƙulli a tanderun da bai yi zafi ba. Mesa ma haka take lissafi. In jikinta ya gaya mata babu zafin da zai isa narkarwa, sai ta ƙi haɗiya, domin ɓeran da ya zauna cikin sanyayyen ciki ruɓewa zai yi kafin ya narke. Wanda ya yi mata ɗura a irin wannan hali ya zuba ƙulli a tanderu mai sanyi, ga kuma raunin da tsinke ya yi wa dasashi, wanda ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ban da wannan, tana da kalandarta. A ƙasashen Ghana da Togo da Binin, inda aka fi saninta, barbara takan kama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba, mata su saka ƙwai tsakanin Fabrairu da Afrilu, yawanci daga 3 zuwa 11. Namiji in yana neman mace ba ruwansa da abinci. Macen kuwa takan naɗe ƙwanta wajen wata biyu ba ta ci komai ba. Tsawon rani kuma takan lafe cikin ramin gafiya ko tsohon suri, inda zafi da laima ba su cika canzawa ba, ta jira damina. Saboda haka babbar mesa mai ƙiba ta yi wata huɗu ko shida ba ta ci ba, wannan ba abin tashin hankali ba ne, masu kiwonta sun sha ganin wadda ta wuce haka. Dabba ce mai nisan kwana. Wata ta shekara 47 a gidan namun daji na Filadelfiya, wata kuma a na Saint Louis ta saka ƙwai 7 a 2020 tana da shekara wajen 62. Wata shida ga irin wannan halitta ba kamar wata shida ga tunkiya ba ne.

To, ta yaya za a bambance mai azumi da mai ciwo? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ma'aikaci ya iya amsawa, kuma amsar tana wajen sikeli. Mun aika aka aro na mai kanti, muka sa ta cikin jakar ƙyalle muka auna, ta ba da kilo 1 da giram 400. Muka nemo jikan tsohon, ɗan aji biyar a firamare, muka ba shi littafi muka ce duk farkon wata ya auna ya rubuta. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce, muddin ba ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta ba, a ƙyale ta. Sa'an nan muka duba jikinta. Lafiyayya bayanta a kewaye yake, cike. Wadda ta rame ƙashin bayanta kan fito ya yi tsini, fata ta yi laushi tana naɗewa. Muka saurari numfashinta ko za mu ji shaƙiya ko fito, muka duba hanci da baki ko akwai kumfa ko yauƙi, domin mai ciwon huhu takan ɗaga kai sama ta buɗe baki. Muka buɗe leɓen a hankali muka ga dasashi fes, babu ja, babu mugunya. Abin da muka samu kaska ce guda uku maƙale a ƙarƙashin ɓawon wuya, muka cire. Da mun ga ɗaya daga cikin waɗancan alamu, da sai asibitin dabbobi, a duba kashinta ko da tsutsar ciki, irin wadda ba a rasa ta ga macijin da aka kamo a daji. Ɗan jariri kuwa hukuncinsa daban. Wanda ya fito daga ƙwai da giram 60 ko 70 ba shi da kitsen da zai jingina da shi, in ya yi saɓar fari ya ƙi ci makonni suka ja, shi ne ake taimaka wa, kuma hannun da ya ƙware ne ke yi.

Mesar tsohon dai lafiyarta ƙalau. Ciwon yana jikin akwatin.

A ƙasa yake ajiye, kan daɓen zaure, iskar hunturu tana shiga ta ƙofa. Kun san yadda asubahin Disamba da Janairu yake a wajenmu, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, laimar iska kuma da rana ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Ita kuwa abin da take bukata shi ne gefe ɗaya na mazauninta ya kai digiri 31 ko 32, ɗaya gefen ya tsaya wajen 26, ta zaɓa da kanta, laima kuma ta kai kashi 55 zuwa 60. Baturen da ke kiwonta a Landan da lantarki yake yin wannan. A Karare sai muka koma ga abin da ke akwai. Aka mai da akwatin ƙuryar ɗakin ƙasa, wanda katangarsa ke shan rana ta riƙe ɗumi har dare, aka ɗora shi kan benci. Da magariba a cika kwalba da ruwan zafi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta a waje da gefe ɗaya. Tsohon ya ce ai da kaskon wuta ya fi sauƙi, muka hana, gama hayaƙi yana ɓata mata huhu, kuma maciji yakan kwanta kan abu mai zafi har ya ƙone bai janye ba.

Sai maɓoya, wadda a ganinmu ita ce rabin maganin. Akwatin fayau yake, babu inda za ta sa kanta, alhali kuwa dabbar rami ce, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji bango yana taɓa ta ta ko'ina. Aka samo tsofaffin tukwane biyu ƙanana, aka fasa musu ƙofa a baki, aka kife ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, aka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin ta ɗumin, aka ajiye kasko da ruwa mai tsabta. Kafin mu miƙe ta shige tukunya. Mun tuna yadda tsohon ya yi dariya ya ce ashe amarya ce, lalle take so.

Inda muka sha wuya shi ne batun kasuwa. Muka ce kada a taɓa ta, kada a fita da ita, har sai ta ci sau biyu a jere. Dunƙulewar nan da ke burge 'yan kallo, wadda suke ɗauka ladabi ne, ita tsoro ne tsantsa. Dabbar da ta wuni tana yawo daga wuya zuwa wuya, ga ganga, ga rana, ga jijjigar babur, ba za ta dawo gida ta haɗiyi abin da zai hana ta gudu kwana biyar ba.

“Ɗana,” in ji shi, “in na bar ta gida, mu kuma mu ci me?”

Ba mu da amsa mai daɗi. Mutum ne mai iyali, hannu baka hannu ƙwarya, kuma ita ce ke kawo kuɗin hoto. Abin da kawai muka iya cewa shi ne ya riga ya binne rabin akuyarsa, ya zaɓa tsakanin asarar 'yan watanni da asarar sauran rabin. Ya kwana biyu bai ce komai ba, daga baya muka ga ya fita kasuwa da sauran macizansa da jakar magani, ya bar ta. Muna so ku riƙe wannan wuri, ku da za ku zauna bayan tebur. Shawara ba ta da tsada ga mai ba da ita, mai karɓa ne ke biya, kuma in ba ku san nawa za ta ci masa ba kada ku yi mamaki in ya ce to, ya fita ya yi abin da ya ga dama.

Yanzu sai yadda ake miƙa abincin. Kuskuren kowa shi ne naci. Yau a kai, gobe a kai, jibi a canza wani, ita kuwa kowace buɗewar akwati fargaba ce. A kai sau ɗaya cikin kwana 10 ko 14, in ta ƙi a ɗauke a jira. A kai bayan lisha, cikin duhu, domin da dare take farauta. Kada kaurin abincin ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Kada a kai in idonta ya yi fari-fari kamar mai yanar ido, fatarta ta dushe, wannan saɓa za ta yi, ba ta gani sosai, ba kuma za ta ci ba. A wannan kam tsohon ya fi mu sani, da kallo ɗaya yake faɗin kwana nawa ya rage ta saɓe. A leɓenta na sama akwai wasu 'yan ramuka jere waɗanda ke jin ɗumin jikin dabba ko a baƙin duhu, saboda haka sanyayyen mushe a wurinta kamar dutse ne. A kashe ɓeran nan take, a riƙe shi da awartaki tun da ɗuminsa, a ɗan motsa shi a bakin tukunya, in ba ta kama ba a ajiye a rufe a tafi. Kada a bar mata rayayyen ɓera ya kwana. Mesar da ba ta da niyyar ci ba ta kare kanta, dunƙulewa za ta yi, ɓeran kuwa in yunwa ta kama shi zai ci bayanta har ƙashi. In kuma ta haɗiya ta amayar, a ba ta mako biyu cur kafin a sake gwadawa, da ƙaramin abu.

Wane irin abinci? Luca Luiselli da Francesco Angelici sun binciki abin da take ci a dazukan kudu maso gabashin Nijeriya, suka buga sakamakon a 1998. Sun ga mazan sun fi hawa bishiya da cin tsuntsaye, matan kuwa, da yake sun fi girma, sun fi cin ɓeraye da danginsu. Wadda aka kamo a daji da wari take gane abinci, shi ya sa takan ƙi farin ɓeran Turawa. Abin dariya a nan shi ne, masu kiwonta a Amurka da Turai har kiwon ɓeran Afirka suke yi musamman, suna sayensa da tsada don lallashin mai taurin kai, kuma ba wani ba ne illa kusun nan mai nonuwa da yawa da ke ɓarna a rumbunanmu. Sai dai a nan akwai haɗari biyu. Wannan ɓera, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa. Aika yara su kamo shi da hannu kasada ce da ran mutum saboda cikin maciji. Na biyu, ɓeran gida mai yiwuwa ya ci guba, irin mai hana jini daskarewa, wadda kan ɗauki kwanaki kafin ta kashe, kuma irin wannan mai layi shi ya fi sauƙin kamu. Muka ce a tsaya ga 'yan tsaki, waɗanda aka san abin da suka ci, ko ɓerayen da aka haifa cikin keji. Kowa ya taɓa ta ko akwatinta kuma ya wanke hannu da sabulu, gama macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, yara ƙanana ta fi kayarwa.

Kafin mu koma ga ƙarshen labarin, akwai abin da ya shafi malaman daji. Wannan dabba tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuma tana cikinta, watau ba a fita da ita ƙasashen waje sai da takarda. A gida kuma an kafa doka mai lamba 11 a 1985 a kan namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu. Duk da haka, daga 1975 an fitar da fiye da miliyan 3 daga Afirka ta Yamma, mafi yawa ta Togo da Binin da Ghana, inda mafarauta ke tona ramuka su kwashe mata masu ciki da ƙwai. A 2021 hukumar IUCN ta sa ta cikin dabbobin da suka kusa shiga haɗari. Wasu al'ummu sun daɗe da kare ta ta hanyarsu: a garin Wida na ƙasar Binin ɗaki guda aka gina mata, a yankin Idemili na ƙasar Ibo kuma ba a kashe mesa. Mu ba bauta muke kira a yi mata ba, Allah ya tsare. Amma malamin gona ya san kowace ɗaya da aka cire daga gona, ɓerayen da za ta ci sun sami 'yanci. Ra'ayinmu shi ne kada a ƙarfafa wa kowa sayen wadda aka kamo a daji. Wadda ta riga ta shigo hannu kuwa, kada a ce za a yi mata alheri a jefa ta dajin Rugu, inda ba ƙasarta ba, a tsakiyar rani. A riƙe ta da kyau, ko a miƙa ta gidan namun daji irin na Audu Baƙo da ke Kano.

Muka koma makaranta, yaron ya ci gaba da awo. Janairu ta wuce, Fabrairu ta wuce, ba ta ci ba. A watan Maris ta yi saɓa, fatar ta fita ɗungurungum ba yankewa, alamar laimar tukunya ta isa. Da bazara ta shigo aka daina kwalbar ruwan zafi, aiki ya juye, aka koma yayyafa ruwa a daɓe don kada ɗakin ya wuce kima, domin zafin Afrilu namu, mai haura digiri 40, ya fi hunturu saurin kashe macijin da ke cikin akwati. Awon farkon Mayu ya nuna kilo 1 da giram 310. Cikin wata biyar ta zubar da giram 90 ke nan, bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Sau biyu tsohon ya sa aka kira mu a waya yana cewa haƙurinsa ya ƙare, sau biyu muka ce a karanto mana abin da ke cikin littafin, muka roƙe shi ya ƙara mako biyu.

A ƙarshen Mayu na 2018 aka yi ruwan fari. Kwana uku bayan haka, da dare, ya miƙa ɗan tsako a bakin tukunya, ta fizge shi daga awartakin har sai da ya firgita. Bayan kwana 12 ta ci na biyu. Rabonta da abinci wajen wata takwas.

Daga baya al'amuran ƙasarmu suka ƙara lalacewa, kamar yadda kuka sani, hanyoyin kasuwannin ƙauye suka zama abin tsoro. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, muka daɗe ba mu ji ɗuriyarsa ba. Da muka sake haɗuwa ya bar yawon kasuwa, tsufa ya kama shi, amma mesar tana nan cikin tukunyarta, kuma kowace shekara da an yanke gero sai ta rufe baki har ruwa ya sauka. Muka tambaye shi ko har yanzu ana awo. Ya ce mai kanti ya karɓe sikelinsa tuntuni. Ya ce shi dai a saninsa ƙanshin ruwan fari ne ya buɗe mata baki, da wani turare da ya yi mata wanda ya gada wajen mahaifinsa. Littafin yana hannun jikan, wanda yanzu ya gama sakandare, kuma mun ce ya kawo shi a ajiye a ofishin ƙungiya don mai son dubawa.

Shugaba, mun ci lokacin tambayoyi, a gafarce mu.